Tiyatar Gyaran Hanci: Tun Kafin A Shiga Ɗakin Fiɗa Ake Ƙulla Gamsuwa Ko Nadama

Tallan tiyatar gyaran hanci ya daina zama baƙon abu a wayoyin mazauna Abuja. Hotuna biyu ne a jere, ɗaya kafin aiki, ɗaya bayansa, sai farashi da dala ko yuro, wanda ya haɗa da otal da tafinta da motar da za ta ɗauko mutum daga filin jirgi, galibi a birnin Istanbul. Cikin mako guda zuwa kwana goma, in ji masu tallan, an gama komai. Ga ma'aikacin da ke da hutun shekara a gabansa, da ɗan abin da ya tara a adashi ko a ƙungiyar gama-kai ta ofis, lissafin ya yi daidai da aljihu, ya kuma yi daidai da kalanda.

Sai dai likitocin da suka ƙware a wannan fanni sun daɗe da yin ittifaƙi cewa gyaran hanci yana cikin mafi wuyar ayyuka a tiyatar kwalliya. Hanci a tsakiyar fuska yake, ba a rufe shi da riga ko hula, kuma bambancin milimita ɗaya ko biyu ido yana kama shi. Bayan haka, gaɓa ce mai aiki dare da rana, domin ta nan iska ke shiga jiki. Hujjojin da ke hannu suna nuna cewa gamsuwar wanda aka yi wa aikin ta rataya ne a kan abubuwa biyu da hoton talla ba ya ɗauka: tattaunawar da aka yi kafin tiyata, da kulawar da za a samu a tsawon shekarar da ke biye da ita. Wanda ya biya kuɗin awa biyu ko uku na ɗakin fiɗa, ya bar waɗannan biyun, rabin magani ya saya.

Abin da alƙaluma ke faɗa

A shekarar 2016 wasu masu bincike a Amurka suka tattara bayanan mutum 2,326 da suka rubuta ra'ayinsu a shafin RealSelf bayan an yi musu gyaran hanci. Kashi 83.6 cikin 100 sun ce sun gamsu. Da aka rarrabe su, sai aka ga mata kashi 87.6 ne suka gamsu, maza kuwa kashi 56.1 kacal. Wato kusan rabin mazan da suka kwanta aka yi musu aikin ba su ji daɗin abin da suka samu ba. Ƙorafin da ya fi yawa a ɓangarorin biyu shi ne tudun karan hanci bai kwanta gaba ɗaya ba, ko kan hancin bai ɗagu yadda aka so ba.

A cikin wannan shekarar kuma wani binciken ya bi diddigin mutum 175,842 da aka yi wa tiyatar hanci a jihohi uku na Amurka. Cikin waɗanda aka yi wa aikin a karon farko, kashi 3.1 ne suka koma aka sake yi musu. Cikin waɗanda dama gyaran wani aikin baya ne ya kawo su, kashi 11 suka sake komawa. Darasin a fili yake. Dama ta farko ita ce mafi kyau, kuma duk komawa ɗakin fiɗa tana ƙara yiwuwar wata komawar, domin tabo ya riga ya shiga nama, guringuntsin da za a yi gini da shi kuma ya ragu.

Da ƙwarewar hannun likita ce kaɗai ke yanke hukunci, da ba a ga wannan tazara tsakanin maza da mata ba, tunda likitocin da ke yi wa mata su ne ke yi wa maza. Akwai wani abu da majiyyaci ke shigowa da shi ɗakin ganin likita, kuma shi ne ya kamata a fara dubawa.

Buri da iyakar abin da wuƙa za ta iya

Tun farkon wannan sana'a aka gane haka. Likita John Orlando Roe na garin Rochester a Amurka ya bayyana hanyar gyara hanci ta cikin ƙofofinsa a 1887. A 1898 Jacques Joseph, wanda ake ɗauka a matsayin uban wannan tiyata a zamanance, ya gabatar wa likitocin Balin labarin wani matashi ɗan shekara 28 da ya rage wa girman hanci. Abin da Joseph ya fi jaddadawa shi ne yadda matashin, wanda ba'ar mutane ta sa ya ƙaurace wa jama'a, ya koma cuɗanya da su. Ma'aunin nasara tun a wancan lokaci yana cikin rayuwar mai hancin.

Har yau haka abin yake. Ɗaya daga cikin ma'aunan da likitoci suka fi amfani da su, wanda ake kira ROE, Ramsey Alsarraf ne ya fito da shi a shekarar 2000, kuma tambayoyi shida ne kawai. Ana tambayar mutum yadda yake son kamannin hancinsa, da yadda yake numfashi, da yadda yake jin 'yan uwa da abokai suna kallon hancin, da ko hancin yana tauye shi a wajen aiki ko mu'amala, da ko yana ganin hancin ya kai iyakar kyan da zai iya kaiwa, da kuma ko yana son a sake taɓa shi. Babu tambaya ko ɗaya da ta shafi awon tsawo ko faɗi. Gamsuwa ita ce tazarar da ke tsakanin abin da mutum ya zo yana tsammani da abin da ya gani a madubi, kuma likita na iya rage wannan tazara da bakinsa fiye da yadda zai rage ta da wuƙarsa.

Wayar hannu ta ƙara dagula lissafin. Wani bincike da Boris Paskhover na Jami'ar Rutgers da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga tazarar santimita 30, kamar yadda ake ɗaukar hoton ɗauki-da-kanka, yana ƙara wa hanci girma da kusan kashi 30 cikin 100 idan aka kwatanta da hoton da aka ɗauka daga mita ɗaya da rabi. Mutum na iya tsanar hancin da babu wanda ke ganinsa sai kyamarar wayarsa. Idan aka haɗa wannan da manhajojin da ke sirance hanci da taɓawa ɗaya, sai a samu mai neman tiyata ya zo da hoton fuskar da ba ta taɓa wanzuwa ba, yana so a mayar da ita nama da ƙashi.

Likitoci da yawa suna zana wa majiyyaci a kwamfuta yadda hancin zai iya komawa. Wannan yana da amfani matuƙar an bayyana cewa zanen hanyar fahimtar juna ce. Inda aka miƙa shi a matsayin alkawari, an shuka rigima tun kafin a fara aiki. Game da maza kuwa, likitocin fannin sun lura cewa sau da yawa namiji yakan zo da rashin jin daɗi ba tare da iya fayyace abin da yake so a canza ba. Wanda bai iya faɗin abin da yake nema ba, da wuya ya gane shi idan an ba shi.

Fata da guringuntsi ba ɗaya suke ba

Yawancin hotunan da ake tallatawa na mutanen da ke da siririyar fata da dogon karan hanci mai tudu ne, irin na Turawa da mutanen Gabas ta Tsakiya. Aikin da ake yi musu na ragewa ne: a kankare tudun, a matse ƙashi, fata ta kwanta a kan sabon tsari. Hancin da ya fi yawa a Afirka ta Yamma yana da wata siffa dabam, duk da cewa akwai bambanci mai yawa tsakanin al'umma da al'umma, har ma a cikin gida ɗaya. Sau da yawa fatar kan hanci tana da kauri da maiƙo, guringuntsin da ke riƙe da ita yana da laushi, ƙashin karan gajere ne, ƙofofin kuma suna da faɗi. Ferdinand Ofodile, likitan fiɗa ɗan asalin Nijeriya da ya yi aiki a Asibitin Harlem na birnin New York, yana cikin waɗanda suka yi nazarin hancin baƙar fata tun shekarun 1990, suka nuna cewa ba a auna shi da ma'aunin da aka gina a kan fuskar Bature.

A irin wannan hanci, aikin na gini ne. Dole a ɗebo guringuntsi daga shamakin da ya raba ƙofofin hanci biyu, idan bai isa ba a je kunne ko haƙarƙari, a kafa ginshiƙin da zai ɗaga kan hancin ya kuma jure nauyin fatar. Wannan yana nufin rauni na biyu a wani wuri, kuma kunne da ƙirji suna cikin wuraren da tabo ya fi yin tsiro ya kumbura a jikin baƙar fata. Akwai hanyar da ta fi sauri, wato a cusa robar silikon a kan karan, amma tana iya gocewa, ko ta jawo ƙwayoyin cuta, ko ta huda fata ta fito bayan shekaru. Rage faɗin ƙofofin hanci kuma yanka ne a waje, wanda idan aka wuce gona da iri ba a iya mayar da naman da aka cire.

Fata mai kauri ba ta nuna ƙananan gyare-gyaren da aka yi a ƙarƙashinta, kamar yadda bargo ba ya nuna siffar abin da aka lulluɓe da shi yadda mayafi mai shara-shara zai nuna. Likitan da bai faɗa wa mai irin wannan fata cewa ba zai samu tsinin da ya gani a hoto ba, ya zalunce shi. Haka kuma wanda ya shafe shekaru yana shafa man bilicin, musamman mai ɗauke da sinadarin sitiroyid, ya kamata ya sanar da likita, domin irin wannan mai yana raunana fata, yana kuma jinkirta warkewar rauni.

Akwai wani ɓangaren da ba a cika ambata ba. Bahaushe yana yabon dogon hanci, har a ce wance hancinta har baka, amma kuma da hanci ake gane ɗan gidan wane. Wasu cikin waɗanda suka yi nadama ba su da ƙorafi a kan kyan aikin. Damuwarsu ita ce sun duba madubi sun ga baƙo, ko kuma dangi sun daina ganin kamar mahaifi a fuskarsu. Tambaya ta uku a ma'aunin ROE, wadda ta shafi yadda makusanta ke kallon hancin, tana da nauyi na musamman a al'ummar da ba a rayuwa a kaɗaice.

Numfashi kafin ado

Wuri mafi ƙunci a hanyar iska yana can ciki kaɗan da ƙofar hanci, inda guringuntsin gefe ya haɗu da shamakin tsakiya. Idan aka kankare karan aka matse ƙashi ba tare da an tallafi wannan wuri ba, sai gefen hanci ya riƙa lotsawa duk lokacin da aka ja numfashi. Mai shi zai koma barci baki buɗe, ya tashi da bushewar maƙogwaro, ya kasa hawa bene ba tare da haki ba. Likitocin kunne da hanci da maƙogwaro suna da ma'auni na musamman mai tambayoyi biyar, wanda aka fitar a 2004 ake kiransa NOSE, domin auna toshewar hanci da tasirinta a kan barci da motsa jiki. Wanda ba ya shaƙar iska yadda ya kamata ba ya gamsuwa, komai kyan hancin a hoto.

Saboda haka likitan da bai leƙa cikin hanci ba, bai tambayi tarihin mura da atishawa da minshari da haɓo ba, bai tambaya ko an taɓa samun karaya ba, bai fara aikinsa ba tukuna. Irin wannan bincike ba ya yiwuwa ta hotunan da aka tura a WhatsApp. A ɗaya ɓangaren, waɗanda haɗarin mota ko na babur ya karkatar musu da hanci, ko aka haife su da karkataccen shamaki, suna cikin masu samun sauƙi a zahiri bayan tiyata, domin matsalarsu sananniya ce, kuma ana iya auna ta kafin aiki da bayansa.

Ciwon da ba a hanci yake ba

Akwai wata lalurar ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya shagala da wani aibi a jikinsa wanda sauran mutane ba sa gani, ko suke ganinsa ɗan ƙarami. Mai ita yakan ɓata sa'o'i a gaban madubi, ko ya guje shi gaba ɗaya, ya ƙi shiga hoto, ya ƙaurace wa taro. A cikin jama'a, kusan mutum biyu cikin ɗari ne ke fama da ita. Amma wani bincike da aka yi a garin Leuven na ƙasar Beljiyam, aka wallafa a 2011, ya gano alamunta masu matsakaicin ƙarfi zuwa masu tsanani a jikin kashi 33 cikin 100 na masu neman tiyatar hanci. Cikin waɗanda kwalliya zalla ce ta kawo su, adadin ya kai kashi 43. Masu binciken sun ci gaba da bibiya, suka tarar cewa iya tsananin alamun kafin tiyata, iya raguwar gamsuwa bayanta.

Wuƙa ba ta warkar da wannan ciwo. Yakan koma kan wani ɓangaren hancin, ko ya ƙaura zuwa wata gaɓa. Maganinsa yana hannun likitan ƙwaƙwalwa, ta hanyar zaman gyaran tunani da ɗabi'a da kuma magunguna. Likitan fiɗa na gari shi ne wanda zai iya cewa a'a, ya tura mutum inda ya dace. Dillalin da ladansa ke fitowa daga yawan kawunan da ya kai asibiti ba shi da dalilin faɗin wannan kalma. Haka nan wanda ke tsammanin sabon hanci zai dawo masa da auren da ya mutu, ko ya kawo ƙarin girman da ya maƙale a ofis, ya ɗora wa tiyata kayan da ba nata ba. Wanda miji ko saurayi ko ƙawaye suka tura ma yana cikin haɗarin nadama, tunda burin na wani ne, ciwon kuma nasa.

Shekarar da ba ta cikin farashi

Bayan mako guda ake cire abin da aka ɗaure hancin da shi. Kumburi da duhun ƙasan ido sukan lafa cikin mako biyu. Ƙashi yana buƙatar kusan mako shida kafin ya kama, kuma a wannan lokaci ana hana ɗora tabarau a kan karan. Kan hanci kuwa yakan ɗauki shekara guda kafin kumburinsa ya sauka gaba ɗaya, a fata mai kauri ma har shekara ɗaya da rabi. Shi ya sa likitoci ba sa son sake taɓa hanci kafin a cika wata goma sha biyu. Ma'anar wannan ita ce, hoton da aka ɗauka a kan gadon tiyata ko ranar cire bandeji ba ya faɗin komai game da hancin da mutum zai rayu da shi.

A cikin wannan shekara ne ake buƙatar likitan da ya yi aikin. Shi ya san abin da ya yanke da abin da ya dasa. Shi zai bambance kumburi na al'ada da tabon da ke taruwa a ƙarƙashin fata, wanda wani lokaci ake karya lagonsa da allura idan an gano shi da wuri. Shi zai kwantar da hankalin wanda ya firgita a wata na uku saboda hancin ya fi na da girma. Wanda ya dawo Abuja a kwana na goma, ya faɗa cikin ƙurar hunturu da busasshiyar iskar da ke sa cikin hanci ya tsattsage, sai ya tarar likitansa yana wata nahiya, lambar da ke amsa masa saƙo kuma ta ma'aikacin talla ce. Idan matsala ta taso, likitan gida ne zai gaji aikin da bai ga yadda aka yi shi ba, sau da yawa babu ko takardar bayanin abin da aka yi.

Bai kamata kalmar kwalliya ta sa a raina aikin ba. Tiyata ce cikakkiya, da maganin sa barci da zubar jini da duk haɗarin da ke tattare da su. 'Yan Nijeriya ba su manta da rasuwar uwargidan shugaban ƙasa, Stella Obasanjo, a watan Oktoban 2005 a ƙasar Sifaniya ba, bayan wata tiyatar kwalliya, ko da yake ba ta hanci ba ce. Mai hawan jini ko ciwon suga ko sikila, da mai shan taba ko shisha, da mai shan asfirin ko magungunan gargajiya, duk suna buƙatar shiri na musamman da ba a yin sa a daren da aka sauka daga jirgi. Ita ma allurar cike hanci da ake yi a wasu shagunan kwalliya a matsayin hanya mai sauƙi, idan ruwan ya shiga jijiyar jini yana iya kashe fatar hanci ko ya makantar. A nan karin maganar nan ta garin gyaran gira a rasa ido ta tashi daga misali ta koma zahiri.

Hujjar masu tafiya

Masu zuwa waje suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Turkiyya tana cikin ƙasashen da aka fi yin wannan tiyata a duniya, tana da likitocin da suka yi ta sau dubbai, kuma tun 2017 ta wajabta wa asibitoci da kamfanonin da ke karɓar marasa lafiya daga waje su mallaki takardar izini. A Nijeriya likitocin fiɗar gyaran jiki kaɗan ne, yawancin lokacinsu kuma yana tafiya ne a kan masu ƙuna da waɗanda suka yi haɗari. Baligi mai hankali da ke kashe kuɗin guminsa yana da 'yancin zaɓar inda zai je.

Duk wannan gaskiya ne. Amma yawan aiki a kan wani nau'in hanci ba ya zama ƙwarewa a kan wani nau'in, kuma ƙwararren likita ma ba ya iya duba cikin hanci daga nisan dubban kilomita. Matsalar tana cikin tsarin cinikin, wanda ke karɓar kuɗin kafin alƙalami tun ba a ga likita ba, ya haɗa ganawar farko da tiyata a cikin kwana ɗaya ko biyu, ta yadda wanda ya riga ya biya tikiti da otal ba shi da sararin cewa ya fasa. Wanda zai yi tafiya ya yi ta da sharuɗɗansa: ya gana da likitan da kansa kafin ya biya, ya ga hotunan masu irin fatarsa da hancinsa bayan shekara guda da aiki, ya san wanda zai kula da shi a gida, ya karɓi rubutaccen bayanin tiyatar, ya kuma san a rubuce wa zai ɗauki nauyi idan aka buƙaci gyara.

Ga Musulmi akwai ƙarin abin dubawa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta halatta tiyatar da ke mayar da gaɓa siffarta ko aikinta, ko ta gyara naƙasar haihuwa ko ta haɗari, ta kuma hana sauya lafiyayyar halitta don bin son zuciya ko kwaikwayon wasu. Malamai sukan kafa hujja da labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, aka yi masa izinin sanya na zinariya. Abin lura shi ne wannan rabe-rabe ya yi kusa da abin da binciken likitoci ya gano: mai matsala bayyananniya ya fi kusa da gamsuwa. Asibitin Yara Masu Cutar Noma da ke Sakkwato, wanda aka kafa a 1999, shaida ne. A can ake sake gina hanci da leɓe da kumatun waɗanda cutar ta cinye wa fuska, domin su iya ci da magana da shiga cikin mutane. Nijeriya ce ta jagoranci yunƙurin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a watan Disamban 2023.

Aikin da ke gaban hukumomi

Da yawa cikin masu karanta wannan shafi suna zaune ne a ofisoshin da ake rubuta ƙa'idoji. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta riga ta wajabta wa mai ba da magani ya sanar da majiyyaci zaɓin da yake da shi, da amfani da haɗari da kuɗin kowanne, cikin harshen da yake fahimta. Kundin Haƙƙoƙin Majiyyata da aka ƙaddamar a 2018 ya ƙara jaddada haka. Abin da ya rage shi ne ƙa'ida ta musamman a kan tiyatar kwalliya, kuma akwai inda za a duba. Faransa ta wajabta jiran kwana 15 tsakanin miƙa wa mutum farashi a rubuce da yi masa aiki. Ostireliya, tun ranar 1 ga Yulin 2023, ta wajabta takardar turawa daga wani likita, da ganawa biyu kafin tiyata, da tantance lalurar ƙin siffar jiki, da jiran kwana bakwai bayan an sa hannu.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar sabon gini ko na'ura. Majalisar MDCN mai kula da likitoci tana iya sanya su cikin ƙa'idojin aiki, ta kuma sauƙaƙa wa jama'a hanyar tantance wanda ya kammala horon ƙwarewa a Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma ko takwararta ta ƙasa. Hukumar FCCPC mai kare masu sayayya tana iya bibiyar dillalan da ke tallata tiyata da rangwame da wa'adi kamar ana gwanjon atamfa. Asibitocin koyarwa da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna suna iya fassara ma'aunan ROE da NOSE zuwa Hausa da sauran harsuna, su riƙa cike su kafin tiyata da bayan shekara guda, domin ƙasar ta mallaki alƙaluman kanta a kan fuskokin mutanenta. Shi ma ma'aikaci ya sani cewa inshorar lafiya ta NHIA ba ta biyan kuɗin kwalliya. Idan toshewar numfashi ko raunin haɗari ne ke damunsa, ya fara da likitan kunne da hanci da maƙogwaro, ya tambayi kamfanin inshorarsa abin da ke cikin haƙƙinsa kafin ya ci bashi.

Tiyatar hanci tana faranta wa mafi yawan waɗanda aka yi wa ita, kuma babu dalilin muzanta wanda ya zaɓe ta bisa sani. Waɗanda suka gamsu galibi mutane ne da suka san takamaiman abin da ke damunsu, suka ji iyakar abin da za a iya daga bakin likitan da ya duba su, aka kiyaye musu numfashi, suka kuma samu mai riƙe hannunsu har kumburi ya sauka. Mai niyyar yin wannan aiki ya ba kansa ko da mako biyu tsakanin ganawa da biyan kuɗi. Likitan da ya ji haushin wannan jinkiri ya riga ya nuna yadda zai amsa waya a wata na shida.